Waɗanda Suka Zana Jaruman Nan Su Ma Suna da Suna

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, na ɗauki alƙalami ne saboda makalar da kuka buga kwanan baya a kan finafinan jaruman Amurka da suka cika wayoyin yaranmu. Na ji daɗinta ƙwarai, domin ba kasafai jaridar Hausa take waiwayar abin da yara suke kallo ba. Amma akwai layi guda da ya tsaya mini a rai, inda marubucin ya ce Stan Lee ne ya ƙirƙiro Spider-Man da Hulk da X-Men da Black Panther. Ban ga laifinsa ba, haka kusan kowa yake faɗa. Sai dai maganar ba ta cika ba, kuma ɓangaren da aka bari a baya shi ne ya shafe ni, don ni ma mai zane ne. A nan Damagaram nake zaune, sana'ata rubuta allunan shaguna da zane a jikin manyan motoci da bangon makarantu. Da ita na yi aure, da ita na aurar. Ina roƙon ka ba ni fili in faɗi sunayen mutanen da hannunsu ya fitar da waɗannan jarumai, da yadda suka ƙare, don abin da ya same su yana nan yana jiran yaranmu masu zane.

Mu da muka shiga lakwal a ƙarshen shekarun 1970, ba a fim muka san jaruman nan ba, a takarda muka san su. Akwai wani kamfani a birnin Lyon na Faransa, Lug, da ya fara buga mujallar Strange a 1970, yana juya labaran kamfanin Marvel na Amurka zuwa Faransanci. Tsofaffin kwafinta ne suke isowa hannunmu daga wurin masu baza littattafai a ƙasa, wani bangon ya yage, wani an cire masa shafin tsakiya, a cakuɗe da Zembla da Akim da Blek. Duka bede muke ce musu. In yaro ɗaya ya samu, sai littafin ya zagaye Birni da Zango kafin ya koma hannun mai shi. Faransancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, rabin abin da aka rubuta a bakin mutanen ba na gane shi. Amma labari bai taɓa kuɓuce mini ba. Na san wanda ya fusata, na san wanda tsoro ya kama, na san wanda zai ci amana tun bai ci ba, duk daga zanen. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja cewa mai zane ba ɗan rakiya ba ne a wannan sana'a. Shi ma mai ba da labari ne, sau da yawa ma shi ne a gaba.

Hannun da ya fi kama ni shi ne na Jack Kirby. An haife shi a 1917 a wata unguwar talakawa ta New York, ɗan baƙi Yahudawa da suka zo daga Ostiriya, sunansa na asali Jacob Kurtzberg. Mahaifinsa a masana'antar ɗinki yake aiki, shi kuma yaron kusan shi ya koya wa kansa zane. Da shi da abokinsa Joe Simon suka ƙirƙiro Captain America, kuma bangon fitowar farko, mai ɗauke da watan Maris na 1941, ya nuna jarumin yana kai wa Hitler naushi a muƙamuƙi, alhali Amurka ba ta ko shiga yaƙin ba tukuna. Magoya bayan Nazi da ke New York suka yi ta aiko musu da barazana. Daga baya aka ɗauki Kirby soja, ya yi yaƙi a Faransa, sanyi ya kusa sa a yanke masa ƙafafu. Da ya dawo ya koma kan teburinsa.

Abin da ya yi a kamfanin Marvel daga 1961 zuwa 1970, ni dai ban ga mai zanen da ya kama ƙafarsa ba. Fantastic Four a 1961, Hulk da Thor a 1962, X-Men da Avengers a 1963, Black Panther a 1966. Na Fantastic Four kaɗai ya zana fitowa 102 a jere bai tsallake ko ɗaya ba. Sarki ake masa laƙabi a cikin sana'ar. Wanda bai taɓa riƙe fensir ba zai ga dambe ne kawai da hayaniya, amma mu mun san wuyar abin. Kirby zai miƙo hannun mutum zuwa fuskar mai karatu, tafin ya fi kan girma, yatsun masu kusurwa, ƙafa ɗaya can baya ƴar mitsitsiya, amma jikin bai karye ba, ido ya yarda da shi. In yana son nuna ƙarfin da ba a gani, wuta ko walƙiya ko sararin samaniya, sai ya tara baƙaƙen ɗigo manya da ƙanana, ya bar farin takardar da ke tsakaninsu ya yi aikin haske. Na cika kaye da yawa ina kwaikwayon ɗigon nan. Har yau in direba ya kawo mota ya ce in zana masa zaki ko ɗan kokawa a bayanta, dabarar Kirby nake bi wajen miƙo hannun gaba, kuma duk yaron da ya koya a wurina sai na gaya masa mai ita.

To ina Stan Lee a ciki? Shi ne edita, shi ne kuma mai rubuta maganganu. Yadda suke aiki a Marvel a wancan zamani, ba a miƙa wa mai zane cikakken rubutaccen labari. Za su ɗan tattauna, wani lokaci Lee ya ba da shafi ɗaya ko ƴan jimloli, mai zane ya tafi gida ya tsara labarin baki ɗaya, shafi wajen ashirin, ya yanke wa zai shigo, wa zai faɗi, ina za a tsaya. Kirby har bayani yake rubutawa da fensir a gefen shafi don a san abin da ke faruwa. Sai an gama wannan Lee yake zuwa ya sa wa mutanen magana a baki. Amma abin da mai karatu yake gani a shafin farko shi ne Lee ya rubuta, Kirby ya zana, kuma kuɗin zane kaɗai ake biyan Kirby, shafi-shafi. Lee da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya buɗe shafukan da Kirby ya kawo na wani labari da ya fito a 1966, ya tarar da wani mutum mai jikin azurfa yana shawagi a sama a kan allo, wanda ba su taɓa maganarsa ba. Shi ne Silver Surfer.

Spider-Man kuwa, wanda rigarsa ta fi kowace yawa a jikin yaranmu ranar sallah, Steve Ditko ne ya zana shi a 1962. Shi ya rufe masa fuska ruf, abin da ya sa kowane yaro a duniya, baƙi ko fari, yake iya ganin kansa a cikin rigar. Shi ya yi shi siriri, ɗan makaranta mai yawan damuwa, ba ƙato mai faffaɗan ƙirji ba. Akwai wasu shafuka a fitowa ta 33, ta farkon 1966, da nake kwatanta wa duk wanda ya ce yana son koyon bede. Tulin ƙarafa ya danne Spider-Man, ruwa yana ta zubowa daga rufi, maganin da zai ceci tsohuwar da ta rene shi yana ajiye a gabansa amma hannunsa bai kai ba. Ditko ya fara da ƙananan akwatunan zane a matse, sai ya riƙa faɗaɗa su a hankali yayin da yaron yake yunƙuri, har lokacin da ya ɗaga ƙarfen zanen ya cinye shafi guda cur. Ƙirjin mai karatu ma tare da shafin yake buɗewa. Ba rubutu ne ya yi wannan aikin ba, tsarin shafi ne. A lokacin Ditko ne yake tsara labarin shi kaɗai, shi da Lee ba sa ko magana da juna. Bayan fitowa ta 38 ya ajiye aikin ya yi tafiyarsa. Ya ƙi hira da ƴan jarida, ya ƙi a ɗauki hotonsa, ya ci gaba da zane a ɗan ofishinsa na New York har tsufa. A watan Yuni na 2018 aka tarar da gawarsa a gida, yana da shekara 90. A watan Nuwamba na wannan shekarar Stan Lee ya mutu yana da 95, duniya ta ɗauka, har samarin fadar ƙofar gidanmu suna ta sa hotonsa a Facebook. Mutuwar Ditko kuwa ko ɗaya a cikinsu bai ji ba.

Kada a ɗauka ina rage wa Lee daraja. Shi ya sa jaruman nan suka riƙa magana irin ta mutane, suna saɓani da juna, suna kukan kuɗin haya. Shi ya yi wa sana'ar talla har ta shiga jami'o'i, shi ya riƙa buga sunan mai bin zane da tawada da na mai rubuta haruffa a shafin farko, abin da ba kowane kamfani yake yi ba. Kuma shi ma ba shi ya mallaki jaruman ba, ma'aikaci ne, har sai da ya kai Marvel kotu a 2002 a kan kuɗin finafinai. Amma shi ya ci albashi mai kauri har ƙarshen ransa, fuskarsa tana fitowa a kusan kowane fim, kuma shekaru da dama in an ce shi kaɗai ya yi, ba ya saurin gyara wa mai faɗa. Wannan nake riƙe da shi a kansa.

Ba daga kansu abin ya fara ba. Superman, wanda shi ne uban duka, samari biyu ne suka yi shi a birnin Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, abokai tun makarantar sakandare, dukansu haihuwar 1914. Talauci ya sa Shuster yake zane a bayan takardar manna wa bango da takardar naɗe kaya. Shekara kusan biyar suna yawo da jaruminsu ana mayar musu da shi. A 1938 aka karɓa: shafi 13, kowane shafi dalar Amurka 10, jimla 130, kuma a cikin wannan kuɗin har da mallakar Superman ɗin kansa, har abada. Gaskiya ne an ɗauke su aiki, sun kuma samu kuɗi mai kyau na wasu shekaru. Amma da suka ga rediyo da sinima da kayan wasan yara suna ta kawo wa kamfani miliyoyi, sai suka kai ƙara a 1947. Kotu ta ce Superman na kamfani ne. Aka sallame su, aka goge sunayensu daga littafin. Idon Shuster ya yi ta raguwa har ya kusa makancewa, ya koma aikin kai saƙo. Siegel ya ƙare a ƙaramin akawu mai buga takardu. Sai a 1975, da aka ji ana shirin babban fim, Siegel ya rubuta wa ƴan jarida kukansa, wasu masu zane biyu, Neal Adams da Jerry Robinson, suka tsaya musu tsayin daka, kamfanin ya ji kunya ya yanka wa kowannensu dalar Amurka 20,000 a shekara, ya kuma mayar da sunayensu. Ka lura da nan, Malam Edita. Ba kotu ce ta ƙwato musu ba, jarida ce da ƴan'uwansu masu sana'a. Shi ya sa kai na rubuto wa. Littafin nan na 1938 kuwa, da aka sayar a kan santi 10, an yi gwanjon kwafinsa ɗaya a 2024 a kan dalar Amurka miliyan 6.

Na Batman ya fi ban tausayi. Bob Kane ne ya zo da sunan a 1939, da zanen wani mutum mai jar riga da fukafukai masu tauri. Bill Finger ne ya ce a sa masa hula mai kunnuwa, a ba shi alkyabba maimakon fukafukai, a mayar da kayan masu duhu. Shi ya raɗa sunan Bruce Wayne da na birnin Gotham, shi ya rubuta labarin kisan iyayen yaron. Kane ne ya ƙulla yarjejeniya da kamfani shi kaɗai, sunansa kaɗai ake bugawa. Finger ya mutu a 1974 ba shi da komai. Sai a 2015 aka fara rubuta sunansa kusa da na Kane, shekara 41 bayan mutuwarsa.

Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. A dokar Amurka, in an ɗauke ka ka yi aiki a kan lada, kamfanin doka take ɗauka a matsayin mai aikin. Ko takardun da Kirby ya zana da hannunsa a rumbun kamfani suke zama. Sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja, masu zane da marubuta suka yi ta sa hannu a takardar koke, sannan a 1987 Marvel ta mayar masa da shafi wajen 2,000 daga cikin dubban da ya zana mata. Ya mutu a 1994. A 2009 Disney ta sayi Marvel a kan dalar Amurka biliyan 4, ƴaƴan Kirby suka shiga shari'a, aka yi sulhu a 2014 ana gab da Kotun Ƙoli ta duba ko za ta saurari ƙarar. Yanzu sunansa yana fitowa a manyan finafinan nan, amma shi bai ga ko ɗaya ba.

Na bayansu ba su tsaya kallo ba. A 1992 masu zane bakwai da suka fi kowa kasuwa a Marvel, cikinsu har da Todd McFarlane da Jim Lee, suka fice tare suka kafa Image, bisa sharaɗin cewa abin da mutum ya ƙirƙira nasa ne, kamfani ba ya taɓa shi. Kamfanin yana nan har yau. Shekara ɗaya bayan haka Dwayne McDuffie da abokansa baƙar fata suka fito da Milestone don su zana jarumai masu kama da su, suka kuma riƙe mallakarsu. A 2000 aka kafa wani asusu, Hero Initiative, don taimakon tsofaffin masu zane da marubuta da ba su da kuɗin asibiti ko na haya. A ce sana'ar da fim ɗaya nata yake kawo fiye da dala biliyan ɗaya tana buƙatar irin wannan asusun, abin yana ci mini rai.

Tunda makalarku ta daɗe a kan Black Panther, bari in ƙara wannan. Kirby da Lee ne suka fito da shi, a Fantastic Four ta 52. Amma Wakanda, ƙasar jarumin, da yaranmu suka gani a fim ɗin 2018 hannu da yawa ne suka gina ta. Don McGregor ne tun 1973 ya rubuta dogon labarin da ya gudana a cikin ƙasar, kusan kowa a ciki baƙar fata ne, daga nan Killmonger, abokin gabar jarumin, ya fito, kuma wani baƙar fata, Billy Graham, shi ya zana babban ɓangarensa. Dogarai matan nan masu aski da kowa ya so, a labaran Christopher Priest na 1998 suka fara bayyana. Fim ɗin ya kawo fiye da dalar Amurka biliyan 1.3, amma da wuya ka samu wanda ya kalla da zai iya kiran sunan ɗaya daga cikin mutanen nan uku.

Yanzu bari in dawo gida, don ba saboda Amurkawa na zauna rubutu ba. Duk baƙon da ya zo Damagaram sai an kai shi Birni da Zango ya ga gidajen da aka yi wa ado a fuska, da dagi da zayyana masu launi. Tambayi duk wanda ka tarar a wurin, zai ce maka gidan Alhaji wane ne, ko gidan wane mai sarauta. Tambaye shi maginin da ya tsaya a rana ya fitar da zanen da hannunsa, sai a yi shiru, in ba ka dace da tsoho ɗan gidan magina ba. Haka muke yi wa mai aikin hannu tun da can, sunan mai kuɗi ne yake zama a kan aikin.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarun baya wata ƙungiyar agaji ta nemi in zana mata ɗan littafi a kan wanke hannu da tsabtar ruwan sha, don yaran ƙauye da ba su iya karatu ba. Abin da aka ba ni jerin saƙonnin da ake son isarwa ne kawai. Ni na ƙago yarinyar da labarin ya rataya a kanta, ni na yi mata kitso da tulu a kai, ni na ba ta ƙane mai ƙiriniya don yara su yi dariya. Aka biya ni, na gode, na sayi hatsi da kuɗin. Daga baya na riƙa ganin yarinyar a allunan bakin hanya, a jikin riguna, har a littafin da aka sake bugawa da wani harshe. Tambarin masu ba da kuɗi a jere a bangon baya, sunan wanda ya duba rubutu yana nan, nawa babu. Babu takarda tsakaninmu, magana ce ta baki da wani mutumin kirki wanda tuni ya bar aikin. Ban ce da gangan suka yi ba. A lissafinsu sun biya, magana ta ƙare. Amma in na wuce allon nan da jikana, na ce masa ni na zana, ba ni da abin da zan nuna masa sai bakina.

Abin da ke hana mu neman takarda kunya ce. In babba ya kira ka ya ba ka aiki, ka ce a rubuta, sai a ga kamar ka tuhume shi, a ce yaron nan ba shi da ta ido. Ni kuwa ina ganin addininmu ya riga ya raba wannan gardama. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mutum yana mutuwa, yana canza aiki, yana mantuwa, magada kuma ba su san abin da aka ƙulla da baki ba. Sannan dokar ƙasarmu ta fi ta Amurka tausayin mai zane a wannan fanni. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kare haƙƙin mallakar fasaha, tana kuma da dokarta ta haƙƙin mai ƙirƙira ta 2010. A tsarin da muke bi, mutum yana iya sayar da izinin buga aikinsa, amma haƙƙin a ambaci sunansa a kai ba ya sayuwa, ko da shi ya so. Akwai ofishin BNDA, hukumar kula da haƙƙin masu ƙirƙira, a Yamai da aka kafa don wannan. Mawaƙa sun san hanyarsa. Masu zanen da nake hulɗa da su kuwa, yawancinsu ba su san da su a ciki ba.

Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki. Akwai wanda ya koya a wurina, yanzu a waya yake zane da ɗan yatsa, yana fitar da launin da ba zan iya haɗawa da fenti ba. Yana da jarumi nasa, wani ɗan kabu-kabu da ya gaji laya daga kakansa maharbi, kuma wallahi jarumin yana da rai, in ka gan shi ka ga ɗan Damagaram. Saƙo yana shigo masa ta WhatsApp daga Kano da Legas: zana mana shafi kaza, ga kuɗi kaza, turo. Babu mai maganar wa ya mallaki jarumin, babu mai maganar in an yi fim ko an buga riga. Kuɗin yana da daɗi ga saurayin da ke neman na shayi da na kati, yadda dala 130 ta yi wa su Siegel daɗi a shekarun da aiki ya yi wuya a Amurka. Abin da nake gaya masa kullum shi ne ya sayar da shafi, kada ya sayar da jarumi. In kuwa ta kama dole, a rubuta na shekara nawa ne, a wace ƙasa, kashi nawa ne nasa in abin ya haihu. Ya adana zanensa na farko da kwanan wata a kai. Sunansa ya hau bango, ba can ƙarshe ba a cikin godiya. In kuma su biyu ne, mai labari da mai zane, su zauna tun suna shiri su rubuta wa ya kawo me, don Kane da Finger ma lafiya lau suke sa'ad da suka fara.

Kada wani ya ce abin ya yi mana nisa. A Legas akwai Comic Republic tun 2013, kuma a 2024 Disney ta fitar da fim ɗin zane mai suna Iwájú tare da Kugali, kamfanin wasu samari ƴan Najeriya da Uganda. Masu kuɗi sun fara leƙo Afirka suna neman labari, mu kuwa muna da shi jibge: Sarki Tanimu da ganuwarsa da igwoyin da aka ƙera masa a nan garin, Amadu Kuran Daga da zuwan Faransawa, Sarauniya Mangu ta Lugu. Ita Sarauniya ta yi sa'a, Abdullahi Mamani ya rubuta labarinta a 1980 da sunansa a bango, da Med Hondo ya yi fim a 1986 kuwa ba a iya tsallake shi ba. Ranar da wani yaronmu zai zana sauran tana zuwa, kuma ina son ta same shi da takarda a hannu.

Don haka ga roƙona. Ku gyara layin nan, ku sa Kirby da Ditko kusa da Lee. Duk sa'ad da za ku buga zane ko hoto, ku nemi mai shi ku rubuta sunansa a ƙasa, don na sha ganin zanen yaranmu da aka ɗauko daga Facebook a shafukan Hausa an rubuta cewa daga intanet yake. Ku tura wakilinku na Yamai ya tambayo yadda mai zane yake rajistar aikinsa, ku bayyana mana da Hausa dalla-dalla, da abin da ake biya da takardun da ake kaiwa. Kuma ku yi mana makala a kan Mustafa Alasan, wanda tun 1966 ya zana kwaɗi da hannunsa ya motsa su a fim ɗinsa Bon voyage Sim, yana cikin na farko da suka yi haka a Afirka ta Yamma, ya daɗe yana aiki a Tawa, ya rasu a 2015. Samarin da za su jera maka sunayen Avengers ba tare da tuntuɓe ba, yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba. In wakilinku ya biyo ta Damagaram, ya tambayi masu rubuta alluna a bakin kasuwar Dole, za a nuna masa ni. Zan kai shi wurin tsofaffin magina da har yanzu suke iya faɗin wanda ya yi wa kowane gida ado a Birni, kuma gara ya zo da wuri, don shekarunsu sun ja.

Wassalam.

Naka,
Mai zanen alluna,
Damagaram